Amsa: Wace .22 zan zaɓa idan lasisin bindiga ɗaya kawai zan samu?

Malam, ka ce harbin allo kake so a mita 50 zuwa 100, kuma dokar ƙasarku ba za ta bar ka ka yi ta sauye-sauye ba. To ɗauki .22 LR, wato doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. Kafin ka cike takardar neman lasisi ka gama yanke shawara, domin a wurare da yawa girman harsashin da ka rubuta shi za a ba ka, sauya shi kuma sai an sake bin layi.

Ta fuskar doka ma ita ta fi sauƙin samu. A Ostareliya, tun bayan yarjejeniyar bindigogi ta 1996, mai ɗanawa da hannu tana rukunin A, mai ɗana kanta kuwa tana rukunin C, wanda ba kowa ake ba shi ba. A Birtaniya an halatta mai ɗana kanta a .22, amma bututu kada ya gaza santimita 30. Game da wadda za ka saya kuwa, bindigogin CZ 457 da Tikka T1x duk sun isa. In aljihu da nauyi, Anschütz. Wasu na kwaɗayin CZ 457 saboda ana sauya mata bututu. Tambayi hukuma tukuna, a wasu ƙasashen bututun kansa sai da izini.

Kada tsawon bututu ya ruɗe ka. Inci 16 zuwa 20 ya wadatar, albarushin ya riga ya gama aikinsa. Abin dubawa shi ne bakin bututun, ko 'yar ƙwarzana a nan tana karkatar da harsashi. Sannan ka zura takarda tsakanin bututu da katako, ta wuce sumul ba tare da ta maƙale ba. Kunama kuma ta zama mai gyaruwa, wadda ba ta ja kafin ta saki.

Inda maganar take shi ne harsashi, kuma nan mutane ke yin rowa. Nemi mai matsakaicin gudu, nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), kimanin mita 325 a daƙiƙa, wato ƙasa da gudun sauti. Mai saurin gudu yana fita sama da sauti, ya faɗo ƙasa da shi a hanya, yawanci ramukansa sun fi watsewa. Sayi kwali bibbiyu na harsasan SK Standard Plus, Lapua Center-X da Eley, ka harba goma-goma sau biyar a mita 50, bindiga a kan jakar yashi, ranar da babu iska. Harbi uku ba gwaji ba ne. Duk lokacin da ka sauya iri, fara zubar da kamar goma, maiƙon sabon ya shafe bututun. Wanda ya fi tara ramuka wuri ɗaya, duba lambar rukunin da ke jikin kwalinsa, ka sayi iyakar abin da lasisinka ya yarda. Iri ɗaya ma, rukuni da rukuni suna bambanta.

Madubin saiti ya zama wanda ake daidaita nisansa har ƙasa da mita 50. Wanda aka kafe a mita 100, da ka ɗan motsa ido alamar ta goce.

In ka ga ramuka sun fara watsewa bayan ɗaruruwan harbi, yawanci baƙin datti ne ya taru a gaban mazaunin harsashi, goge wurin kawai. Kuma kada ka saba jan kunama babu harsashi: allurar da ke tayar da harsashi tana dukan gefen mazaunin ta lotsa shi. Sa kwanson da aka riga aka harba a ciki.