Tambaya da Amsa: Wane dandali ya dace da shafin makarantarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata makarantar firamare ta Faransanci da Larabci a Garwa, arewacin Kamaru. Iyayen yara sun nemi mu buɗe shafin intanet domin sanarwar rajista da kuɗin makaranta da ranakun hutu, sai dai babu wanda ya karanci fannin kwamfuta a cikinmu, kuma asusunmu ba shi da nauyi. Wanne za mu ɗauka? (Wani malami, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar dandali, a fara tantance wanda zai riƙa kula da shafin da kuma na'urar da ke hannunsa, domin shafin da har yanzu yake ɗauke da sanarwar bara ya fi rashin shafi zubar da mutuncin makaranta.

Idan akwai kwamfuta a ofishinku, Google Sites ya wadatar: kyauta ne, ba ya saka talla, kuma ana jera rubutu da hotuna ba tare da ilimin tsara manhaja ba. Aibinsa shi ne gyara shafi ta waya yana da wuya, adireshinsa kuma dogo ne. Idan kuwa wayar Android ce kaɗai abin dogaro, kamar yadda yake a makarantu da yawa daga Ngaundere zuwa Kusiri, to Blogger nake ba ku shawara, wanda Google ya saya a 2003. Yana da manhajar waya, yana kuma ba da damar a gayyato malamai da dama su riƙa rubutu, ragamar shafin tana hannun shugaban makaranta. WordPress.com da Wix sun fi ado, amma tsarinsu na kyauta yana zuwa da talla, cire ta kuma sai an biya, galibi da katin banki, abin da bai zama da sauƙi ga wanda ya saba da Orange Money ko MTN MoMo ba.

Kada a buɗe shafin da imel ɗin wani malami. A yi sabon asusu da sunan makaranta, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, saboda malami yakan sami canjin wurin aiki ya tafi da mabuɗin. A rage nauyin hotuna, tunda iyaye da kuɗinsu suke sayen data, a kuma rubuta sanarwa da Faransanci da Hausa, har da Fulatanci idan da hali, sannan a tura mahaɗin zuwa zauren WhatsApp na iyaye.

Game da sakamakon CEP, wato jarrabawar kammala firamare, a faɗi adadin waɗanda suka ci kawai. Sunayen yara da makinsu da hotunansu ba sa hawa shafi sai da izinin iyaye a rubuce, musamman da yake Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a watan Disamba na 2024.