Girkawa ne kaɗai suka haifi dimokuraɗiyyar Turawa?

Malam, ka tambaya ko dimokuraɗiyyar da Turawa ke tinƙaho da ita gadon Girkawa ce zalla. Sunan dai nasu ne, amma ba su kaɗai suka yi aikin ba.

A birnin Atina, bayan gyare-gyaren da aka yi wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maza 'yan gari kan taru a kan wani tudu, su yi muhawara, su ɗaga hannu a ƙirga. Mata da bayi da baƙi kuwa sai ido. Yawancin muƙamai ma ba zaɓe ake yi ba, ƙuri'ar sa'a ce, wanda sunansa ya fito shi ke hawa. Kuma manyan masu falsafarsu ba su yi na'am da tsarin ba. Aflatun ya tsane shi, kuma ban ga laifinsa ba: kotun jama'a ce ta yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa a 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

To, ina aka samo cewa kowa daidai yake da kowa? A ganina, nan addini ya fi taka rawa. John Locke, masanin falsafa na Ingila, a 1689, hujjarsa ita ce Ubangiji ɗaya ya halicci mutane duka, don haka ba wanda aka haifa da ikon mallakar ɗan'uwansa. Batun raba coci da gwamnati kuma wahala ce ta koya musu, bayan Katolika da Furotesta sun shafe 1618 zuwa 1648 suna gwabzawa a ƙasashen Jamus.