Amsa ga ɗan'uwa mai HiAce da aka ce ya canza turbo

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta bayaninka cewa HiAce ɗinka mai dizal ta rage ƙarfi a hawa, tana fito idan ka taka totur, kuma bakaniken da ka kai wa a sina'iyya, wato unguwar garejoji a nan Saudiyya, ya cire tiyon iska, ya ga baƙin mai a ciki, ya girgiza farfelar turbo da yatsa, ya ce turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya mutu sai dai a sa wani. Raina ya sosu ƙwarai, domin da irin wannan hukuncin aka fara da ni, kuma ba na son a ci guminka yadda aka ci nawa.

Abubuwa biyun da ya nuna maka ba su isa hujja ba. Sandar da ke riƙe da farfelun turbo tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai take yawo cikin bushinta, saboda haka idan inji yana kashe, mai bai taso ba, dole ka ji ɗan motsi idan ka tura ta gefe da gefe, ko da sabuwa ce dal. Motsin da ake tsoro shi ne na ciki da waje. Ka bari inji ya huce, ka kama notin farfelar da kanka, ka ja ka tura. Abin da aka yarda da shi a nan bai wuce kimanin milimita 0.1 ba, wato yatsa da ƙyar zai ji shi. Sannan ka danna ta gefe kana juyawa, ka haska fitilar wayarka a bangon ciki. Idan ka ji tana gurza, ko ka ga zane mai sheƙi inda fukafukan suka ci bango, ko bakinsu ya gutsure, ko yashi ya side shi, to nan kam magana ta ƙare.

Shi kuwa man da ya gani, kusan kowace mota mai dizal da ta yi tafiya tana da laima-laimar mai a wannan tiyon, domin tururin da ke fitowa daga cikin inji ta nan ake mayar da shi. Abin tambaya shi ne ko mai yana taruwa har ya zuba idan an kwance tiyon ƙasa na lagireton iska, wato mai sanyaya iskar da turbo ya turo, ko gejinka yana sauka tsakanin juye da juye, ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi. Ko an samu haka ma, ba lallai laifin turbo ba ne. Abin da ke tare mai a cikinsa ringin ƙarfe ne ba roba ba, kuma yana sakin mai idan bututun da ke mayar da mai ƙasa ya toshe, ko filtar iska ta cushe da ƙura, ko ringin inji ya cinye har iska ta yi yawa a cikin injin. Ka sa sabo a kan wannan matsalar, shi ma zai zubar.

Ni wanda na kai wa tawa bai duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya kawo mini turbon tashlih, wato wanda aka ciro daga mataccen mota, da aka wanke har yana walƙiya, ya rantse ya ce daga motar da ba ta yi tafiya ba aka cire shi, ya ɗaura a kan tsohon bututun mai, ya kuma shafe bakinsa da gam maimakon ya sa gaskit. Ba a jima ba na ɗauki fasinja daga Makka zuwa Ɗa'if ta hanyar Sail, cikinsu har da tsofaffi mata, ga rana tsaka. Muna cikin hawa na ji wani kuka mai tsini, na duba madubi ban ga komai a baya ba sai hayaƙi, inji kuma ya ɗauki gudu ƙafata ba ta kan totur. Na gangara gefe na kashe makulli, ya ƙi mutuwa, domin man injin da ke kwarara ta turbo shi yake sha. Mata suna salati, wani dattijo yana dukan ƙofa a buɗe masa, motoci suna wucewa suna ta hon. Allah ya taimake ni na sa giyar ƙarshe, na danne burki, na saki kuloci, ya shaƙe ya tsaya. Da aka kwance, sai ga bututun da ke kai mai ya toshe da ƙonannen mai, ga guntun gam a bakinsa. Da na koma wa mutumin, ko kallon bututun bai yi ba, cewa ya yi tuƙina ne, kuma kayan tashlih ba a mayarwa. Mutumin da muke sallar Juma'a tare, ya san a wannan motar nake ciyar da iyali har da na gida, amma ko Allah ya kyauta bai ce mini ba. Na bar shi da Allah, sai dai har yau ba na iya bi ta layin garejinsa.

Fiton da kake ji da rashin ƙarfi sun fi kama mini da iskar da ke tserewa, musamman idan hayaƙin naka baƙi ne. Zafin ƙasar nan da ke haura maki 45 yana busar da tiyo, kuma tsaga ƙarama a ƙasansa ba ta buɗewa sai turbo ya cika iska. Ka sa a matse kowane kilif, a gwada lagireton iskar, a duba ƙaramin ƙarfen da ke buɗe ƙofar rage iska ko ya maƙale. Idan kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0299, abin da take faɗa kawai shi ne iska ba ta kai yadda ake so ba, ba ta ce turbo ya mutu ba. Kuma kada ka je fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, da wannan hayaƙin, kuɗinka za ka zubar.

In ya tabbata yana gurza, kada ka ce bari a gama wannan zangon Umara, domin fiffike ɗaya da ya karye ya bi iska ya shiga inji zai kai ka ga sauke inji gaba ɗaya. Idan gidan turbon bai tsage ba, ana iya canza cikinsa kaɗai, muddin an daidaita juyinsa a na'ura, kuma ni na fi yarda da wannan a kan na tashlih da ba ka san tarihinsa ba. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a wurin da ƙafarka har a sa sabon bututun mai, a juye mai, a canza filtoci, a wanke lagireton iska, a ɗura mai a bakin turbon kafin a tayar. Ɗa'if tana sama da teku da kimanin mita 1,800, don haka duk lokacin da ka hau, ka bar inji a silo minti biyu kafin ka kashe, kada man da ke cikin turbon ya ƙone a wurin.

Ka ɗauki bidiyon farfelar kana ja kana turawa ka turo mana, ka kuma faɗa mana launin hayaƙin da safe da kuma a hawa, kafin ka ba kowa riyal ɗaya. Allah ya rufa asiri.