Rinin faifan golf a gida: kada asiton ya haɗu da wuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina wasan golf na faifai, wanda ake jefa faifan roba ya faɗa cikin kwando, kuma ina son in yi wa faifaina zane irin na rinin ɗauri, mai launuka suna shiga juna. Na sa rinin da ake yi wa riguna, na bar shi kwana biyu, ina wankewa ya fita tas. Wani abokin wasana ya ce sai na kwaɓa garin rinin da asiton, wato sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi, na ɗora a wuta ya yi zafi, ko in saka faifan da haɗin a cikin obin. Na riga na sayi asiton ɗin, amma hankalina bai kwanta ba, don a kicin zan yi kuma akwai yara a gidan. Ina kuma tsoron kada a hana ni shiga gasa da faifan. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na gode wa Allah da ka tambaya kafin ka kunna wutar nan. Ka rufe kwalbar asiton ɗin da kyau, ka fitar da ita daga kicin, ka ajiye inda yaro ba zai kai ba, sannan ka dawo mu yi magana.

Rininka na farko bai kama ba saboda na auduga ne. Irin su Procion MX da ake haɗawa da soda, da zaren auduga suke ƙulla alaƙa, ba su da abin riƙewa a jikin roba. Ko shekara ka bar shi, ruwa zai tafi da shi. Wanda kake buƙata shi ne rinin da aka yi don foliyesta da nailan, kamar iDye Poly ko Rit DyeMore ko PROsperse. Shi wannan ratsa robar yake yi ya zauna a cikinta. Sai kuma robar faifan kanta. Masu arha irin DX na kamfanin Innova da Pro-D na kamfanin Discraft ba sa riƙe launi, yakan fito a dushe ya kuma bazu. Star da Champion na Innova, ko ESP da Z na Discraft, ko Gold da Opto na kamfanin Latitude 64, su ne ke shan rini yadda ake so. Ka fara da fari, domin rini ba ya rufe launin da ke ƙasa, haɗuwa yake yi da shi: shuɗi a kan rawaya kore zai ba ka.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi damuna. Kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani, wai zafi na sa rini ya kama, asiton ma na sa ya kama, don haka in an haɗa su biyun aiki ya yi kyau ninki biyu. Kowanne rabi na maganar gaskiya ne, haɗa su ɗin ne masifa. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal na ma'aunin Salshiyas, wato tun ruwa bai yi ko alamar motsi ba shi ya fara zama tururi. Kuma ba ya jiran zafi kafin ya kama da wuta: ko a sanyin da ya kai kusan digiri 20 ƙasa da sifili, tururinsa na iya kamawa. Idan ya kai wajen kashi 2.5 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne tururin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, don haka ba sama yake tashi ba. Gangarowa yake daga tebur, ya bi ƙasa yana rarrafe, har ya iske wutar risho ko makunnin lantarki ko sigarin wani a can gefe, sai wutar ta biyo shi ta dawo cikin tukunyar da ke gabanka. A ƙasan nan kuma yara suke zama.

Sai mutum ya ce maka, ai ni na yi sau goma ban ga komai ba. Wannan ba hujja ba ce, sa'a ce ya yi sau goma, wataƙila tagarsa a buɗe take. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ɗaukar bidiyo suna koyar da abin da ba su sani ba. Za ka ga an zuba haɗin da ke da asiton a faranti, sannan an ɗauko wutar gas ta hannu ko na'urar hura iska mai zafi wai za a fasa kumfa. Masu wannan dabarar na asali a kan haɗin da babu asiton ko kaɗan a cikinsa suke yi, amma mai kwaikwayo bai san bambancin ba, kuma wanda ya ɗora bidiyon bai damu ya faɗa ba. Obin ya fi duka muni, domin akwati ne rufaffe mai abin ɗumamawa a ciki, tururin ba shi da mafita. Na'urar ɗumama abinci ma kada ka kusance ta, tambarin faifai da yawa na da ƙyallin ƙarfe a jikinsa.

Ko da Allah ya kiyaye gobara, faifan ya tafi. Robar da ta sha zafi mai yawa takan yi laushi, doron ya lotsa ko gefen ya karkace, kuma faifan da ya karkace ba zai ƙara tashi yadda ka saba da shi ba. Ka yi wata takwas kana koyon halinsa, ka ɓata shi a minti biyar.

Akwai wata kuma da ke biyo bayan wannan. Idan zanen bai yi kyau ba, wasu sukan ce a goge da bilic a ƙara da asiton. Haɗuwar waɗannan biyun na haifar da kulorofom, mai bugar da mutum ya kuma cutar da hanta. Kada su taɓa haɗuwa, ko a tsumma ɗaya. Rinin da ya shiga roba ba ya fita da bilic ma, wahalar banza ce.

Amfanin asiton a wannan aikin kaɗan ne: ɗigo a kan auduga, a goge tambarin faifan da sauri a waje inda iska ke kaɗawa, a ɗauraye nan take, a rufe kwalba. Idan ya daɗe a jikin roba yana cin fuskarta, kuma safar hannu ta roba mai sirara ba ta tare shi sosai. In ma tambarin bai dame ka ba, ka bar shi, ba ka buƙatar asiton sam.

Zanen da kake so da kumfar aski ake samunsa, farar nan mai kauri, ba mai kama da jeli ba. Ka wanke faifan da sabulun wanke-wanke, ka daina taɓa fuskarsa da hannu, don maiƙon yatsa na hana rini shiga, sai ka ga shatin ɗan yatsanka a tsakiyar zane. Ka samu faranti mai zurfi da ya ɗan fi faifan faɗi, ka cika shi da kumfa, ka baje ta sumul da rula. Ka sa takunkumi kafin ka buɗe garin rinin, domin ƙurarsa na shiga hanci. Ka dama kowane launi daban da ruwan ɗumi kaɗan da 'yar kumfa ko man shafawa, ya yi kauri kamar yadda zai ɗiga ba tare da ya malale ba. Ka ɗiɗɗiga su layi-layi daga tsakiya zuwa gefe, sannan ka sa tsinke ka ja daga tsakiyar kana zagayawa kamar dodon koɗi. Nan ne yawanci ake ɓata aiki, hannu ya ƙi tsayawa. Ja biyu ko uku ya isa. In ka ci gaba da juyawa, launukan za su cakuɗe su koma ruwan ƙasa. Ni launi uku nake ba mai farawa shawara, kuma kada ka sa ja kusa da kore ko shuɗi kusa da ruwan lemo.

Ka kifa faifan a kai, gefe ɗaya ya fara taɓawa sannan ka sauke sauran a hankali don iska ta fita, domin duk inda ta maƙale farin tabo za ka gani. Ka ɗan danna, kada ka murza. Ka tuna zanen a juye zai fito, kamar a madubi. Ka bar shi awa 24 a wuri mai ɗumi da yara ba sa zuwa. Ɗumin ɗaki ya wadatar, lokaci ne ke yin aikin da abokinka yake son wuta ta yi. Washegari ka ɗaga, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu. Farantin da tsinken da duk abin da ya taɓa rini sun bar harkar abinci ke nan har abada.

Batun gasa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Dokar PDGA, wato hukumar da ke kula da gasar golf na faifai, wadda aka kafa a 1976, ba ta hana rini ba. Abin da ta hana shi ne shafa wa faifai abin da ke da kaurin da za a iya ji, kamar fenti, da duk gyaran da zai sauya yadda yake tashi. Rini cikin robar yake shiga, bai ƙara mata kauri ba. Don haka kada ka fesa masa wani man ƙyalli wai don kare zanen, shi ne zai jawo maka matsala wurin alƙalan gasa. Launin zai ɗan bazu a gefunan zanen bayan wasu watanni, haka robar take. Kana iya rage saurin hakan in ba ka barin faifan a rana ko a cikin mota mai zafi, kuma a makon farko kada ka jingina shi da farin faifai a cikin jaka, yana iya shafa masa launi.