Motar da ke mutuwa in ta ga dama

Tambaya: Na sayi Mercedes SLK ƙirar 1999, mai ƙofa biyu, naira miliyan 6, da niyyar sayarwa miliyan 9. Ana cikin tafiya sai ta mutu, an jima ta tashi lafiya lau. Ɗan kawuna mai gyaran wayoyin mota ya canza batir, altaneta (mai cajin batir) da famfon mai, ba ta daina ba. Nawa na kashe, ban riƙe ba. Yanzu ya ce a sayi kwamfutar motar. In saya?

Amsa: Alhaji, kada ka saya. Maganarka ta "ban riƙe ba" ta fi mutuwar motar tayar mini da hankali. Wata nawa kana zuba kuɗi babu rubutu, kuma kunyar zumunci ta hana ka tambayarsa dalilin cire kowane kaya. Canki-canka yake yi, kai kana biya.

Kayan da ya lalace gaba ɗaya ba ya farfaɗowa da kansa. Ciwon da ke zuwa yana tafiya galibi na mahaɗa ne: kan batir mai tsatsa, wayar da ta haɗa inji da jikin mota ta saki, ko dalma ta tsage, zafi ya buɗe ta, sanyi ya mayar. Wannan ƙirar, ta 1996 zuwa 2004, an san ta da tsagewar dalma a akwatin rile (makunnan da ke rarraba wuta) mai suna K40, da kuma sensar karanshaf (mai auna juyawar inji) da ke ɗaukewa idan inji ya yi zafi. Duka biyun ba su kai kuɗin kwamfuta ba. Ɗan kawun naka ya sa mitar awon wuta kuwa kafin ya cire altaneta? Batir mai lafiya kan nuna wajen volt 12.6 a kashe, kusan 14 in inji na aiki. Awon minti biyu ne.

Na san wani dillali da ya canza kwamfuta har sau biyu a wata tsohuwar mota, ƙaninsa na masa aikin. Daga baya wani yaro ya kankare tsatsar waya ɗaya, motar ta warke. Ribar kam ta riga ta tafi kasuwar kayan gyara.

Yau ka sayi littafi. Ka zauna da ɗan kawunka ku lissafa abin da ya fita, ka karɓo tsofaffin kayan, wataƙila lafiyarsu ƙalau. Duk mutuwar da ta yi ka rubuta: bayan tafiyar minti nawa, da rana ko da safe, a gargada ko a kwalta, fitilun gaban direba sun ɗauke ko suna nan. Ka kai wa mai na'urar bincike wannan littafin, ka biya shi kuɗin gano ciwo daban, ka yanka iyakar abin da za ka ƙara.

Miliyan 9 kuma cire ta daga ranka. Mota mai kujera biyu, mai kusa da ƙasa, masu nemanta kaɗan ne a hanyoyinmu. In ta kai iyakar ba ta warke ba, faɗa wa mai saye aibinta, ka karɓi abin da ya samu ka mayar cikin jari.