Tambaya da Amsa: Barkwanci a Harabar Coci, Zunubi Ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce, kuma ina cikin mawaƙan cocinmu. Ranar Lahadin da ta wuce wa'azi ya yi tsawo ƙwarai, da muka fito sai ɗana mai shekara 16 ya ce wa abokansa, "Allah ya taimake mu ba a hawa na uku muke sujada ba, da yau an tsinci wani a ƙasa." Yaran suka fashe da dariya, ni ma na dara, amma wani dattijo ya tsawata mana, ya ce ba a wasa da abin Allah. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin mun yi zunubi?

Amsa: 'Yar'uwa, abu na farko da na lura da shi a wasiƙarki shi ne ɗanki yana karanta Littafi Mai Tsarki, domin wanda bai san sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni ba ba zai iya ƙirƙiro wannan raha ba. A can ne aka ba da labarin yadda Manzo Bulus ya yi ta jawabi a Taruwasa har tsakar dare, wani saurayi mai suna Aftikos yana zaune a bakin taga, barci ya ci ƙarfinsa, ya faɗo daga hawa na uku, aka ɗauke shi matacce. Bulus ya sauka ya rungume shi, rai ya dawo masa, sannan ya koma sama, aka gutsuttsura gurasa, ya ci gaba da magana har gari ya waye. Ban taɓa karanta wannan ƙarshen ban yi murmushi ba, kuma ina zaton Luka da ya rubuta shi ya san abin da yake yi.

Ba nan kaɗai ba ne. A sura ta 12 ta littafin, masu bi sun taru suna addu'a domin Bitrus da ke kurkuku, sai ga shi da kansa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Baranyar gidan, Roda, ta gane muryarsa, amma don murna ta manta ta buɗe, ta ruga ciki da albishir, masu addu'ar kuwa suka ce mata ta haukace, shi kuma yana tsaye a waje yana ta bugu. Mutanen da suke roƙon abu ne suka ƙi yarda an ba su, kuma duk mai bin da ya yi gaskiya zai ga kansa a cikinsu. Sunan Ishaku ma daga dariya ya samo asali, saboda iyayensa, Ibrahim mai kusan shekara 100 da Saratu mai kusan shekara 90, duk sun dara da jin za su haihu. Yesu Almasihu kansa ya kwatanta munafuki da mai gungume a ido yana neman cire ɗan haki daga idon ɗan'uwansa, da mai tace sauro yana haɗiye raƙumi, kuma da wuya a ce masu sauraronsa sun ji waɗannan da ɗaurarriyar fuska.

Ikilisiya ma ta daɗe da sanin haka. A wasu sassan Jamus an yi ƙarnuka ana bin al'adar da ake kira dariyar Ista, inda mai wa'azi yake sa jama'a dariya da gangan a ranar tashin Almasihu. A watan Yunin 2024 kuma Fafaroma Francis ya karɓi baƙuncin masu wasan barkwanci sama da 100 daga ƙasashe daban-daban a fadar Vatican.

Sai dai kada ki raina dattijon nan, domin tsoronsa yana da tushe. Afisawa 5:4 ta hana maganar batsa da wasan banza, doka ta uku a cikin Dokoki Goma ta hana ambaton sunan Ubangiji a banza, Karin Magana 26 kuma ta kwatanta mai yaudarar maƙwabcinsa ya ce wasa yake yi da mahaukaci mai jifa da kibau masu wuta. Abin dubawa a kowace raha shi ne wanda ta faɗa a kansa. Ta ɗanki ta faɗa ne a kan tsawon wa'azi da raunin masu gyangyaɗi, shi ma kuma yana cikinsu, saboda haka ban ga zunubi a nan ba. Da a ce ya kwaikwayi in'inar faston ne, ko ya faɗi maganar a gaban baƙi don ya kunyata shi, da amsata ta bambanta. Shawarata ita ce ki tura shi ya gaishe da dattijon cikin ladabi, ya nuna masa inda ya samo maganar. Mai yiwuwa ne Baba bai gane ayar aka taɓo ba.

Tambaya: Malam, ana yawan turo mana barkwanci a WhatsApp a kan wasu ɗariku, ana zolayar yadda suke addu'a ko baftisma. Ya halatta in tura wa wasu?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancin waɗanda na gani ba su da ɗanɗano ma balle a kai ga batun halacci. Zolaya tsakanin abokai biyu na ɗariku daban, waɗanda suka san juna kuma kowa yake ramawa, tana da wurinta, amma saƙon waya yana tafiya ba tare da fuskarka ko muryarka ba, kuma zai isa hannun wanda bai san da wasa kake ba. Kafin ka tura, ka canza sunan ɗarikar da ke ciki ka sa taku, ka sake karantawa. Idan har yanzu ya ba ka dariya, to ka tura shi a hakan, da sunan taku a ciki.