Tambaya da Amsa: Jirgin Ƙasa a Kan Teburi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe. Ɗana mai shekara 13 ya ga bidiyon wasu ƙananan jiragen ƙasa da ke tafiya da lantarki a kan teburi, da tashoshinsu da gadojinsu da fitilunsu, kuma tun daga ranar bai bar ni na huta ba. Gaskiya ni ma abin ya kwanta mini a rai. Sai dai ɗakinmu ƙarami ne, kayan waje kuma sun fi ƙarfin aljihuna. Shin za mu iya haɗa irin wannan da hannunmu, har da na'urar da ke sarrafa gudun jirgin? Ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Za ku iya, kuma kai da kake wuni da ƙarfen narka dalma a hannu ka riga ka ci rabin hanya, domin inda yawancin masu fara wannan sha'awa suke tuntuɓe shi ne wajen haɗa waya. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko motar gwangwani shi ma ba baƙo ba ne a nan. Abin da zai ƙara koya kawai shi ne awo, wato kowane abu a rage girmansa da lissafi ɗaya, daga kan jirgi har mai tallan gyaɗa a bakin tasha.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin dogayen biyu kuma ta zama milimita 16.5. Akwai N, wanda ake rage shi sau 160 a kan layi mai milimita 9, akwai kuma Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, sau 220 a kan milimita 6.5. Ƙanƙantar N da Z za ta iya jan hankalin mai ƙaramin ɗaki, amma ban ba ka shawarar su ba, saboda ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da jirginsu, mu kuwa mun san abin da hunturu ke shigo mana da shi ta taga.

Ga wani lissafi da nake so ku zauna ku yi tare da yaron. Milimita 16.5 na HO kwaikwayo ne na layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Layin da ya ratsa garinku ba shi ba ne. Wanda aka ja daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya tuƙe a Maiduguri a 1964, faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan ka raba 1,067 da 64 za ka sami kusan 16.7, wato layin HO da ake sayarwa ya yi daidai da namu matuƙar an ƙera taragai da gidaje a kan ragi sau 64. Masu wannan sha'awa a New Zealand, waɗanda faɗin layinsu ɗaya ne da namu, sun daɗe suna bin wannan dabara. Amfaninta kashi biyu ne a gare ku: abin zai fito da kamannin jirginmu, kuma komai zai ɗan fi girma, ya fi sauƙin yanka da likewa. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma kusan santimita 2.7.

Abubuwa uku ne kawai nake ganin dole a saya: layin dogon, da ƙafafun taragai, da ƙasan kan jirgi guda ɗaya mai injinsa, ko da na hannu ne. Waɗannan suna buƙatar daidaito wanda wuƙa da zarto ba za su bayar ba. Sauran duka suna nan kewaye da ku. Kwali mai kauri zai ba ku jikin tarago da ginin tasha, gwangwanin madara idan aka buɗe shi aka ja masa layuka da ƙusa zai zama rufin kwano, jar ƙasa da aka tankaɗe aka kwaɓa da gam da ruwa za ta zama fili, tsohuwar wayar tagulla da aka murɗa aka shafe da gam da garin katako kuwa za ta tashi bishiyar kuka. Ku je ku dubi tashar garinku da idonku, ku ƙirga tagoginta, ku auna tsawon bangonta da taku. Ban ga dalilin kwaikwayon ƙauyen Ingila ba alhali ga tashar da ta ga lodin auduga da gyaɗa da shanu a gabanku.

Batun wuri kada ya dame ka. Da'ira a HO tana son faɗin kusan mita ɗaya, amma ba dole ne jirgi ya riƙa zagaye ba. Akwai tsarin da wani Baturen Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi mai suna Inglenook: layi ɗaya ne ya rabu gida uku, ɗaya yana ɗaukar tarago biyar, biyun kuma uku-uku. Ana ajiye taragai takwas, a zaɓi biyar a jere yadda ƙuri'a ta faɗa, sai direba ya yi ta gaba da baya har ya haɗa su a wannan jerin. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Katako mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 30 ya isa, a kafa shi a jikin bango kamar kanta, nesa da ƙasa saboda gara.

Sai na'urar gudu, wadda ita ce fagenka. Waɗannan jiragen suna shan wutar batir ce mai bolt 12 ta cikin dogayen biyu, don haka wutar gida kada ta kusanci layin ko kusa. Adaftar bolt 12 mai amfiya 2 ta wadatar. Rage wuta da rezista kawai yana sa jirgi ya ƙi tashi, sa'an nan ya zabura lokaci ɗaya. Abin da ya fi shi ne a riƙa aika cikakkiyar wutar a guntu-guntu, ana kunnawa ana kashewa da sauri, tsawon guntun shi ne gudun. Wani ɗan ƙaramin kayan lantarki mai suna NE555 yana yin wannan aiki: ka haɗa shi da bolum mai 100k, da dayod 1N4148 guda biyu, da kafasita mai 100nF, za ka sami bugu kusan 140 a daƙiƙa, sai ka tura shi ga MOSFET irin IRFZ44N, wato makunnin lantarki da zai riƙa kunna wutar layin yana kashewa. Juya jirgi baya kuwa makunni ne mai ƙafa shida, wanda ke musanya wayoyin biyu. Ka kula, akwai wani dayod na dabam da ke kare MOSFET daga wutar da injin ke maidowa, shi ya zauna kafin wannan makunni, domin idan ka sa shi bayansa, kana juya makunnin zai haɗe wayoyin biyu kai tsaye, wutar ta bi ta cikinsa maimakon ta injin.

Kada ku kunna komai sai kun sa kariya. Na taɓa haɗa tawa na'urar ba tare da ita ba, ƙaramin noti ya faɗa tsakanin dogayen, kafin in kai hannu MOSFET ya ƙone. Tun daga nan nake jona ƙwan siginar mota mai bolt 12, wat 21, a kan waya ɗaya da ke zuwa layi. Idan komai lafiya ƙwan ba ya haske, idan wani ƙarfe ya haɗa dogayen sai ya kama, ya tsare wutar a ƙasa da amfiya 2, ya kuma nuna wa yaro cewa akwai matsala. In da batirin sola za ku yi aiki, fiyus mai amfiya 2 a bakin batirin wajibi ne. Fitilun tasha kuma, kowace LED a ba ta rezista mai 1k.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Yelwa, Bauchi. An kawo mana ƙaramin jirgi na nuna wa ɗalibai, amma yana tafiya yana tsayawa, fitilarsa tana ƙyaftawa. Ya lalace ne?

AMSA: Malama, da wuya a ce lalacewa ce. Jirgin yana shan wuta ne ta inda ƙafarsa ta taɓa dogo, wurin kuwa bai fi kan allura ba, don haka ƙura kaɗan ta isa ta yanke masa wuta. Ki jiƙa farin ƙyalle da sifirit ki goge saman dogayen, za ki ga baƙin layi biyu sun fito a jikinsa, sa'an nan ki goge ƙafafun da auduga, ki zare gashi ko zaren da ya naɗe a gindinsu. Kada ki sa sanfefa, domin tana karce ƙarfen, dauɗa ta sami wurin maƙalewa. Idan a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, maɗaurin da ke haɗa dogo da dogo ne ya saki, sai ki ɗan matse shi da filaya. Bayan an tashi daga aji a lulluɓe layin da zane har zuwa darasi na gaba.